Dawar da Aka Binne a Bayan Ganuwa

Na san labarin da kuka taso kuna ji a unguwa: wai ubanku ya kai yayansa ƙara wurin hukuma ana jibi sunan ɗansa, ya sa aka binne abinci a lokacin da mutane ke kwana da yunwa, ya karya arzikin gidansu da hannunsa. Babu wanda ya taɓa tunkarata da maganar a cikinku, kuma na gode da wannan kunyar, amma ina ganinta a idonku duk ranar da aka ambaci Yaya Isiyaku. Kai ma Kabiru, da aka yi abin a kan sunanka, ga shi har furfura ta fara leƙo maka a gemu ba ka tambaye ni ba. To yau zan faɗa, tun da sauran haƙora a bakina. Abin da ake faɗa ya faru, ban musa ba. Yadda ya faru ne ba wanda ya tsaya ya ji.

Shekarun nan ne da kuɗin mai suka shigo ƙasa. Ku ba ku ga Katsina a lokacin ba. Mutumin da jiya yake sayar da goro a faranti, yau sai ka gan shi da jaka a hammata yana cewa shi ɗan kwangila ne. Siminti da kwanon rufi da sababbin babura suka cika gari, ana ta shimfiɗa kwalta, mu kuma direbobi muka zama 'yan gata. Amma fari bai daɗe da wucewa ba, ƙauyukan arewa ba su farfaɗo ba, rumbuna wayam. Idan ka bi ta Ƙofar 'Yandaka da safe, sai ka ga magidanta daga ƙauye a tsugune suna jiran wanda zai ɗauke su leburanci. Ana iya samun rediyo sabo a gidan da ba a ɗora tukunya ba. A irin wannan lokaci ne Yaya Isiyaku ya sayi babbar mota mai bodin katako, ya miƙa mini makulli.

Dole in gaya muku wane ne Yaya, don kun san shi ne bayan ya tsufa ya zama mai shiru. Da ba haka yake ba. Mutum ne mai babbar murya da babban hannu, idan ya yi dariya a zauren gidanmu na Ƙofar Marusa har masu wucewa sai sun waiwayo. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, shi ya riƙe ni, shi ya kai ni koyon mota, shi ya yi mini aure. Fatauci yake yi na hatsi, kuma yana da ciwo guda: ba ya iya ganin fili a bayan mota. Idan na dawo da lodi ya leƙa ya ga wurin da buhu zai iya shiga bai shiga ba, sai ya riƙa kewaya motar yana tsaki kamar an yi masa sata. Ina tsokanarsa ina cewa da zai samu dama, har a kan cinyata sai ya ɗora buhu. Shi kuma ya ce ai cinyar ma ta motarsa ce.

Shi ne ya samo mana kwangilar ɗauko maganin feshin auduga daga babban sito a Funtuwa zuwa wani sito a nan Katsina, inda ake raba wa manoma. Kafin a bar direba ya taɓa kayan, sai an zaunar da shi a benci an karantar da shi. Mai kula da siton, wani dattijo Malam Garba, shi ya koya mana. Ya ce kaya masu haɗari ba iri ɗaya ba ne, kowanne da ajinsa da alamarsa a jikin ganga. Mai jan tambari da harshen wuta, irin su fetur da kananzir, wuta yake nema. Mai hoton hannu ana ɗiga masa ruwa, irin ruwan batir, fata da ƙarfe yake ci. Akwai mai fashewa, irin nakiyar masu fasa dutse. Sai kuma namu, farin tambari da ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu, wato guba. Mu direbobi muna ce masa mai ƙoƙon kai. Dokarsa ba ta da yawa: a ɗaura jan ƙyalle a gaban mota, ba a ɗaukar fasinja, ba a haɗa shi da abin da zai shiga bakin mutum ko dabba. Idan kuma ya zube a hanya, kafin a sauke komai sai an je an shaida wa duba-gari, wato ma'aikatan tsabta da lafiyar gari, a faɗi wane aji ne, da abin da ya taɓa. Malam Garba ya ce wannan maganin ba sai an sha ba, ta fata ma yana shiga, kuma alamarsa a jikin mutum ita ce zufa da yawu da amai. Na yi ta jigilar nan lafiya, Yaya yana ƙunƙuni a kan filin da nake bari a bayan mota, ina yi masa kunnen uwar shegu.

Sai uwarku ta haihu. Kai ne, Kabiru, ɗan fari, bayan mun daɗe muna jira. Lodi ya faɗo a cikin kwanakin, Yaya ya ce ba inda za ni, in zauna in karɓi barka, shi zai ɗauki direban aro ya je da kansa. Ya ɗauki wani Ɗanjuma suka tafi. Ana jibi suna, da hantsi, na ji ƙugin motar a ƙofar gida. Na fito na tarar ana jibge buhunan dawa a zaure, Yaya yana tsaye yana ba da umarni, fuskarsa cike da fara'a.

"Sani, zo ka gani! Dawar Bakori ce, ja wur. Na ce ɗana ba za a yi sunanshi da awon kasuwa ba. Unguwar nan kowa sai ya ci ya bari. Abin da ya rage dillalai na zuwa da la'asar su kwashe."

Na yi godiya, kuma har zuciyata na yi ta. Amma ina shiga zauren wani wari ya buge ni, kamar kananzir da aka jiƙa tafarnuwa a ciki. Warin nan na san shi, na kwana da shi a hanya ba sau ɗaya ba. Na leƙa bayan motar, ga gangunan nan a gaba, an raba su da wurin buhunan da tamfol da 'yan katakai. Katakon ƙasa ya jiƙe ya yi baƙi tun daga gindin ganguna har bakin ƙofa. Ganga ɗaya an liƙe mata gindi da sabulu, irin yadda muke liƙe tankin mai idan ya huje a daji. Ɗanjuma kuwa yana kwance a inuwar motar, rigarsa sharkaf da zufa, yana ta tofar da yawu. Ya ce mini wani rami suka faɗa bayan Malumfashi, gangar ta tsage, shi ya liƙe ta da hannunsa, kuma tun Kankiya kansa ke sarawa. Na sa aka ɗauke shi a babur zuwa asibiti, sannan na koma wurin Yaya na ja shi gefe na ce dawar nan ba ta ciwuwa.

Ya ɗauka wasa nake yi. Da ya ga ba wasa ba ne, ya ce buhunan ƙasa ne kawai suka ɗan taɓa, za a ware su. Na ce an riga an jibge su a kan juna, na ƙasa ya koma sama, kuma sun yi doguwar tafiya a rufe cikin zafi suna shan warin. Muna cikin haka Inna, mahaifiyarmu, ta aiko a kira mu. A tsakar gida an riga an jera turame, matan maƙwabta sun fara taruwa don surfe. Inna tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta. Kun san ba ta kiran sunan Yaya, ɗan fari ne, sai dai ta ce yayanka.

"Mi nike ji haka, Sani? Yayanka ya kawo abin arziki, kai kuma kana cewa mi?"

"Inna, maganin feshi ya zube a kai. Guba ce."

"To sai mi? Mu da kowace shekara ake barbaɗa hodar ƙwari a rumbu, mu ɗebo mu surfa mu wanke mu ci, wa ya mutu? Surfe shina fidda komi. A surfa, a wanke, a sake wankewa, a shanya a rana. Hatsi ne hwa. A wanga lokaci ka ce a zubar da hatsi? Ba ka tsoron Allah ya tambaye ka?"

Ina son ku fahimci cewa Inna ba maganar banza ta yi ba. Abin da ta sani ke nan tun tana yarinya, kuma bai taɓa ba ta kunya ba: duk abin da ya taɓa ƙwayar hatsi a bayanta yake tsayawa, turmi ya fitar da shi tare da dusa. Ta ga yunwa irin wadda ni ban gani ba. A gidanmu idan ƙwayar gero ta faɗi ƙasa, sai ta sa an tsince. Na yi ƙoƙarin nuna mata cewa wannan ba hoda ba ce, mai ne, yana ratsa buhu ya shiga cikin ƙwayar, ruwa ba ya fitar da shi. Ta dube ni irin kallon da ake yi wa yaron da ya je birni ya dawo yana koya wa uwarsa dahuwa. Sai ta ce a gwada. Aka ɗebo dawa daga wani buhu aka watsa wa wata kaza. Duk gidan aka tsaya ana kallon kaza. Ta tsattsage dawar tas, ta kaɗa fiffike, ta tafi neman ƙari. Matan suka fashe da dariya. Ban taɓa jin haushin wata halitta kamar kazar nan ba.

Yaya ya dafa kafaɗata, muryarsa a sanyaye.

"Ka gani ko? Kuma don hankalinka shi kwanta, in an tuƙa tuwon ni zan fara ci, ni da 'ya'yana. In da ina da shakka zan ba su?"

Wannan maganar ce ta fi tsorata ni, domin na san da gaske yake. Da mugu ne mai son ya sayar wa mutane guba ya tsere, da abin ya zo mini da sauƙi. Amma mutum ne da ya yarda da abin da yake faɗa, kuma zai sa hannu a akushi kafin kowa. Na san kaza daga buhu ɗaya ta ci, ban san ko na sama ne ko na ƙasa ba, su ma ba su sani ba. Tambarin ƙoƙon kan nan a jikin ganga yake. Da maganin ya fita daga gangar ya shiga dawa, babu sauran alama, dawa ce kamar kowace dawa. Da la'asar dillalai za su kwashe ta, a juye a auna a kwano, ta shiga gidajen da ban sani ba, a dama wa yara kunu. Idan wani ya mutu a can, za a ce amai da gudawa ne, a binne shi, mu kuma ba za mu taɓa ji ba. Daga cikin ɗaki na ji muryar uwarku, wadda a ka'ida bai kamata a ji ta ba a gaban surukai, tana cewa a hankali ita dai kada a kawo mata tuwon. Ita kaɗai ce ta goyi bayana, ita ma a bayan labule.

Ban tafi wurin hukuma a ɓoye ba, ko da yake cewa a ɓoye na tafi shi ne abin da aka fi ɓata mini suna da shi. A gaban Inna na durƙusa na ce wa Yaya doka ta ce a kai rahoto, kuma ya fi kyau ya je da kansa, shi mai mota, ya ce tsautsayi ne. Na ce zan raka shi. Ya ce ba inda za shi ya tona wa kansa asiri a kan abin da turmi zai gyara. Na ce to idan bai je ba ni za ni.

"Tahi mana," in ji shi. "Hanya a buɗe take."

Bai yi zaton zan tafi ba. Ni kaina ban tabbata ba sai da na ga ƙafafuna sun fita daga zaure. A ƙasa na je ofishin duba-gari, ina tafe ina tsara yadda zan faɗi maganar ta tsaya a kan dawa kawai, kada ta taɓa kwangila. Babban su, Malam Ashiru, mutum ne mai natsuwa da ya san aikinsa. Ya tambaye ni wane aji ne, na ce guba, mai ƙoƙon kai. Ya tambayi abin da ya taɓa, na ce dawa. Ya tambaya ko akwai wanda ya kamu, na ce direba yana asibiti. Sannan ya ɗago ya ce yaya aka yi dawa ta hau mota ɗaya da guba, kuma motar wa ce. Duk tsarin da na yi a hanya ya watse. Babu yadda za a amsa wannan tambayar ba a kira suna ba. Na kira sunan mutumin da ya riƙe ni tun ina yawo ba wando, kuma na ji kamar na zage shi a kasuwa.

Kafin azahar sun iso da 'yan sanda. Aka kwashe buhunan duka, har da ɗan abin da mata suka fara zubawa a turmi, da turmin kansa. Aka kai bayan ganuwa aka haƙa rami mai zurfi, aka farke buhunan aka juye, aka kwarara baƙin mai a kai don kada wani ya tono. Jama'a suka taru, yawancinsu mutanen ƙauyen nan ne da fari ya koro. Ba wanda ya yi hayaniya, kallo kawai suke yi ana juye abinci a rami. Wata tsohuwa ta matso kusa da ni, ba ta san ni ne sanadi ba, ta ce:

"Ɗan nan, roƙa mani su su ba ni ko kwano guda. Na yarda in ci in mutu da ƙoshi."

Har yau idan na tuna fuskarta sai abinci ya fita raina.

Abin da ya biyo baya kun san shi. Aka soke kwangilar, aka tsare motar har aka cire katakon bodin aka ƙone, daga baya Yaya ya sayar da ita a wulaƙance. Ɗanjuma ya warke, mutane suka ce ai dama zazzaɓi ne. Ba wanda ya mutu, kuma da yake ba wanda ya mutu, ba ni da abin nunawa. Abin da kowa ya gani da idonsa shi ne rami da dawa a ciki. Ranar suna Yaya bai karɓe ragon da ya saya ba, ya bar shi a ɗaure, aka yanka. Amma bai fito ba. Shi ya kamata ya raɗa wa liman sunan, liman ya yi ta jira yana duban ƙofa, har sai da Inna ta aiko yaro ya ce a sa Kabiru. Kafin damina ta kama, Yaya ya kwashe iyalinsa ya koma Ƙofar Guga. Inna ta bi shi. Da za ta fita ta ce mini ba ta yi fushi ba, amma wanda aka karya shi ya fi bukatar uwa. Ni kuma na koma tuƙa tankar mai ta wasu, har ƙarfina ya ƙare.

Kada ku ɗauka Yaya ya yanke zumunci. Bai taɓa ƙin amsa sallamata ba. Duk Juma'a ina zuwa gidansa, ya sa a shimfiɗa mini tabarma, mu gaisa gaisuwa cikakkiya: ina wuni, ina gajiya, yaya iyali, yaya yara, yaya aiki, yaya muka ji da zafi. Ba ya tsallake ko ɗaya. Idan gaisuwar ta ƙare, sai ya ɗauki carbinsa. Mutumin da da muke raba dare muna gardama a kan farashin taya, wanda ba ya iya ganina bai tsokane ni ba, bai sake gaya mini wata magana da ta wuce gaisuwa ba. Na sha ɗaukar hira in kawo, ya ce haka ne, ya yi shiru. Da zagi ya yi mini da na fi samun sauƙi. Na yi ta zuwa ina cewa wata Juma'ar zai huce, har muka aurar da 'ya'ya, har muka binne Inna, har gashinmu ya yi fari tare.

Da ciwonsa na ƙarshe ya tsananta, na je na same shi a kwance, ya rame har ban so na dube shi ba. Ya sa aka tayar da shi aka jingina da filo. Na ce a raina yau kam za a yi magana, ko ya ce na yi daidai, ko ya ce na cuce shi, kowanne ya faɗa zan karɓa. Muka gaisa har ƙarshe, muryarsa tana yankewa amma bai bar ko ɗaya ba. Ya daɗe yana kallona, leɓensa yana motsi. Na matsa kusa na kai kunnena.

"A gaida gida, Sani," in ji shi.

A makon ya rasu, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. To kun ji. Da za a mayar da ni zauren nan in sake jin warin nan, zan sake fita in tafi, ban taɓa shakkar wannan ba. Amma kada wani a cikinku ya ɗauki labarin nan ya je ya yi wa 'ya'yan Yaya gori da shi, don ba nasara na ba ku labari ba. Yaya guda gare ni a duniya, kuma tun ina da ƙuruciyata na rasa shi yana raye. Har yanzu idan Juma'a ta yi aka sauko daga masallaci, sai in tsaya a bakin titi ban san inda zan nufa ba.